Daminar da Waya Ta Yi Shiru

Daminar da aka katse layin waya a yankinmu, ni kaɗai na rage a gida. Ina koyarwa a wata firamare da ke gefen Sabon Birni. Mu Kirista ne, muna cikin 'yan gidaje ƙalilan da ke taruwa a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, bayan shekaru muna nema, ga ɓarin da ta sha yi a baya. Da hanya ta fara lalacewa, ana tare motoci a dajin da ke gaba da garin Isa, sai muka yanke shawarar ta tafi wurin iyayenta can kudu, ta haihu kusa da babban asibiti. Ni na tsaya saboda aiki, da kuma geron da na shuka a wata gonar aro ta wajen ƙauyen Tsamaye. A tasha na ce mata, "Da an yi hutu za ni biyo ki." Ta gyaɗa kai kawai, tana riƙe da jakarta a cinya.

Ba a jima ba aka rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin ƙauye, sannan wata safiya waya ta daina shiga. Da farko mun ɗauka abin kwana biyu ne. Mutane suna ta ɗaga wayoyi sama, wasu har kan katanga suke hawa. Daga baya kowa ya saka tasa a aljihu ya haƙura. Direbobin da na sani suka ajiye motocinsu. Wanda ya fita, sai dai a bi shi da addu'a.

Majami'armu ma ta watse a hankali. Fastonmu ya kai iyalinsa gida, ya bar mini makulli, hanya kuma ta hana shi dawowa. Masu shagon magani da ke cikinmu suka tafi, wani tela ɗan majami'armu ma ya tafi. Aka bar ni da wata tsohuwa mai sayar da man ja, wadda ba ta ji sosai. Mu biyu muke sujada, ina karatu da ƙarfi a kusa da kunnenta, tana cewa amin ko da ban kai ƙarshen magana ba. Ita ma ɗanta ya zo ya ɗauke ta.

Lahadin farko da na buɗe ƙofar nan ba kowa, na share ɗakin, na goge bencuna, na zauna a inda matata take zama. Na ɗauko waƙa, amma muryata ita kaɗai a ƙarƙashin kwanon nan ta ba ni kunya, sai na yi shiru. Na sha gaya wa marasa lafiya da masu makoki su jira Ubangiji. Ban san jira yana da nauyi haka ba sai da ya zo kaina. Lokacin haihuwar matata ya matso, ya zo, ya wuce, ban san ko ina da ɗa ba, ban ma san ko ina da mata ba. Akwai ranar da addu'ata duka ba ta wuce, "Ya Yesu, kana ganina," ba. Na faɗa, na kulle ƙofa, na tafi gona.

Gonar ce ta riƙe ni. Ba na daɗewa, don kowa yana aiki ne yana waige. Amma gero bai san an katse layi ba, yana ta fitar da kai. A gida kuwa nakan dafa abinci a tukunyar da ta yi mini girma, in ci a tsaye a bakin murhu.

Maƙwabcina dattijo ne Musulmi, ɗan kasuwa mai kai kaya ƙetare, cikin Nijar. Mun shekara muna gaisawa ta kan zana ba tare da doguwar hira ba. Wata rana da la'asar ya same ni ina wanke kwano, ya tsaya ya dube ni.

"Malam, ka rame. Ba labarin iyali?"

Na ce, "Babu, Baba. Shiru har yanzu."

"To, jibi za ni ƙetare in Allah ya so. Can layin Nijar na kamawa. Ba ni lambar gidan surukanka."

Na karanta masa ya saka a wayarsa. Ya tafi, na yi ta kasa kunne ga ƙarar kowace ƙofa a layinmu. Da ya dawo, tun daga nesa na ga bai ɗaga hannu ba. Ya ce ya kira har cajinsa ya kusa ƙarewa, wayar a kashe. "Kada ka sa komai ga ranka," in ji shi. "Waya a kashe ba mutuwa ba ce." Na yi masa godiya. Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba. Wannan makon ban ji daɗin Allah ba ko kaɗan, kuma na gaya masa haka cikin addu'a. Duk da haka ran Lahadi ƙafata ta kai ni majami'a, na buɗe Littafi Mai Tsarki na karanta a fili ga bencuna.

Sai a tafiyarsa ta gaba ya same su. Ya shigo gidana ko takalmi bai kaɗe ba.

"Malam, albishirinka! Ɗiya mace. Aiki aka yi wa uwar, ta sha wuya, amma ta tashi, da bakinta na yi magana."

Na dafa randa, na fashe da kuka. Ya bar ni na yi kukana, yana kallon gefe. Sannan ya ce akwai saura: ta hana a raɗa wa yarinya suna, ta ce sai abin da ubanta ya faɗa. Makonni ke nan ana kiranta jaririya. Na ba shi sunan mahaifiyata, ya maimaita har ya zauna masa, ya kai musu a fita ta gaba. Da bakin wannan dattijo aka sa wa 'yata suna, aka kai ta majami'a a can, ni ina nan ina yankan gero.

Sai bayan kaka na samu motar da na yarda da ita. Na tarar da matata ta rame, tana tafiya a hankali. Yarinyar ta fara gane fuskoki, tawa kuwa ba ta cikinsu; da aka miƙo mini ita sai ta ɓare baki, ta miƙa hannu wajen kakarta. Kafin ta saba da ni aka buɗe makarantu, dole na juyo.

Har yanzu suna can. Duk hutu mukan zauna mu yi maganar ko su dawo ko ni in nemi canjin wurin aiki, mu tashi ba mu yanke ba. Yarinyar tana yi mini gwaranci a waya yanzu, in layi ya yi kyau. A majami'a mun koma mu biyar, wani lokaci shida in tela ya shigo gari.