Sandar Filista

A ƙauyen nan na gindin dutsen Kitairon, duk macen da ta taɓa hawa dutse rawar bikin Diyonisos, gunkin inabi da giya, da sandar Filista ta hau. Tun tana amarya Filista take wannan aiki na haɗa wa mata sanduna. Ta yanko dogon kara mai ɓargo, ta naɗe shi da ganyen yaɗo, ta ɗaura masa busasshen ƙwallon itace a ka. Sandar ba ta da nauyi ko kaɗan, don in giya ta yi wa mata yawa suka kwaɗa wa juna, kada a fasa kai.

Bakinta kuwa ba ya shiru. In ta ga yarinya ta dogara da sandar, sai ta ce, "Ke, ta rawa ce, ba ta guragu ba."

To, bana gwiwa ta kama Filista. Daga ɗaki zuwa rijiya sai ta huta. Ta gama wa kowa sanda, ta zauna bakin ƙofa tana cewa ai ita dama rawar ta ishe ta. Ƙarya take yi, ranta a ɓace yake, don ba ta taɓa fashin hawan ba, kuma ta gwammace ta zauna a gida da a gan ta da sandar tsofaffi.

Mijinta Lukon manomin inabi ne, irin wanda in ka taɓa masa fure ɗaya a gona sai ya yi mako bai gaishe ka ba. Da safen bikin ya miƙo mata kara.

"Ungo, tsohuwa."

Ta karɓa, ta ji nauyi. Ashe ya ƙwaƙule ɓargon, ya zura sandar zaitun a ciki.

"Tsohon banza, wa ya koya maka ha'inci?"

"Shekara nawa ina zaune da ke?"

Ta dogara, kara bai lanƙwashe ba. Sai ta ɗaga ido ta ga abin da ya ɗaura a kai: zangarniyar furen inabi, daga kurangar da yake ji da ita fiye da kowacce.

"Maigida, wannan fa 'ya'ya za ta yi."

"Na sani. Ki tafi kafin in yi nadama."

Ta yi dariya har da hawaye. Can ganga ta tashi, Filista ta bi mata, tana tafe tana yi wa 'yan mata tsiya wai ba su da sauri.