Amfilifayar Baba ta sauka daga kan randa

Babanmu ne ladanin masallacin unguwarmu a Kwatarkwashi, ni kuwa ina gyaran rediyo da caja a Gusau. Abin kunya, amfilifayar masallacin nan ta fi ƙarfina. Da rana ta take sai ta yi zafi, ta shanye batirin sola, ta yanke Baba a tsakiyar kiran la'asar. Dabararsa ita ce ya ɗauko randar Inna ya ɗora na'urar a kai, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen rawani. Inna ta yi mita har ta gaji.

Manoman bayan dutse suka fara cewa muryar tsoho ce ta ƙare, a nemo matashi. Baba bai tanka ba, amma ya rage cin tuwo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A shago na lura sababbin ƙananan cajoji ba su cika zafi ba. Na bincika, ashe taransistocinsu na galiyom naitirayid ne, wutar da suke ɓatawa kaɗan ce. Na sa aka kawo mini ƙaramar amfilifaya mai irinsu. Abokin sana'ata, mutumin Tsafe, ya auna nauyinta a tafin hannu ya yi dariya.

"Wagga aba mai kama da gwangwanin kifi? Ai murya sai mai nauyi."

Ban yi musu ba, don ni ma ban ji ta fi tsohuwar zaƙi ba. Ba zaƙi nake nema ba.

Na haɗa ta ana tsananin zafi, na tsaya hannuna a kanta. Baba ya fara kira, ya kai inda ake yanke shi, ya ɗan dakata don sabo. Na yi masa alama, ya ci gaba. Ya ja har ƙarshe, ƙarfen bai wuce ɗumi ba. Daɗi ya kama ni, har da ƙwalla.

Bayan sallama, dattijon da ya fi kowa son a sauya ladan ya matso, ƙafarsa duk ƙasar gona.

"Malam, yau har tarinka mun jiya."

Baba ya gyara hula, ya dube ni.

"Kai ma innarka randatta. Kuma ka ce mata ta ƙara tuwo."