Hamidu Likitan Dawa da Ambulan Gonar Baba Gado

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni a kasuwar Bagudo, ina tsaye gaban manoma ina nuna musu yadda ake cuɗa irin dawa da garin magani a cikin ƙwarya. Masinjan ofis ya jingine kekensa, ya jira har na kai aya, sannan ya miƙo mini takardar wayar tangarahu da aka bugo daga Birnin Kebbi. Layi biyu ne: Hamidu ya rasu a Zariya bayan jinyar kwana kaɗan, an yi jana'izarsa a can. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na wanke hannu, na sallami mutane, na koma gida na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana. Na rubuta rasuwar da lokacin da labarinta ya iso ni. Daga nan alƙalami ya tsaya, domin abin da ya biyo bayan baƙin ciki a zuciyata ba abin da mutum ke son gani da rubutun hannunsa ba ne. Cewa na yi a raina: yanzu kuma sai ambatonsa ya ƙaru.

Ga wanda bai san mu ba, Hamidu ɗan Geza ne, ni kuma Bawa, malamin gona a Bagudo. Benci ɗaya muka zauna a makarantar Midil. Na fi shi lissafi da kyan rubutu, takardun sakamakonmu suna nan. Shi aka zaɓa aka tura har Ingila ya karanto cututtukan tsirrai, ni kuwa aka ba ni kaki da keke da ƙauyukan da zan zagaya. Ya dawo gab da samun mulkin kai, lokacin da Turawa ke ɗaure kaya ana neman 'yan ƙasa da za su gaje su, aka ba shi ɗaki da madubin duba ƙwayoyin cuta a gidan binciken noma na Zariya. Manoman nan suka sa masa suna Likitan Dawa.

Ba zan rage masa komai ba. In ya zo rangadi da kaka, ba ya shiga gona sai ya tsugunna ya gaida mai ita, ya tambaye shi me ya gani, yaushe ya fara gani. Yakan ce mai gona ya riga madubi ganin ciwon hatsinsa. Na ga wani dattijo ya miƙa masa ganye mai jan tabo yana jiran hukunci, ya juya ganyen ya sake juyawa, ya ce, "Ban sani ba tukuna, Baba." Ni da na sha ƙirƙiro amsa don kada a raina kakina, sai na ji kunya, kuma na ji haushin cewa shi wannan kalma ba ta rage masa daraja. A gidana yake sauka, ya ci tuwon shinkafa da kifin kogin Kwara, yana tsokanata cewa ko atishawa na yi sai na rubuta ƙarfe nawa.

Aikinsa a kan burtuntuna yake, wannan baƙin garin da ke cinye zangarniyar dawa, wanda ya nuna mini a madubi cewa dangin funfuna ne. Shi yana Zariya, ni nake tara masa. In yanko zangarniya mai ciwo, in shanya ta a inuwa, in sa a ambulan, in rubuta a baya sunan mai gona da garin da ranar. A duk lardi ambulan ɗina ne ba a taɓa mayarwa don gyara ba. Da wannan nake alfahari, don ba ni da wani abin.

Kaka ta biyu bayan mulkin kai, na ƙetare Kwara da kekena a cikin kwalekwale, na nufi ƙauyukan bakin iyakar Dahome. Wani tsoho, Baba Gado, ya ce in zo in ga abin da bai taɓa gani a dawarsa ba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa a cikin karmami, muka wuce wani turken siminti da ciyawa ta kusa rufewa. Na tsaya na ce masa mun shiga Dahome. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Wane Dahome, malamin gona? Gonar ubana ta. Nasara yaz zo yab binne dutse nai a hanya, ni ban aike shi ba."

Burtuntunar da na gani a gonarsa daban take, doguwa, ta fito daga zangarniya kamar ƙananan ƙahoni. Na yanka na sa a ambulan. Da na zo rubuta wuri, sai na rubuta sunan ƙauyen Baba Gado, wanda ke ɓangarenmu. A nan haka ake kiran gona, da garin mai ita, ko tana ina. Amma ba al'ada kaɗai ta sa ni ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, cikin kaki, da keken gwamnati, a ƙasar wasu ba da izini ba. A littafina na rubuta gaskiya, har da turken. A bayan ambulan na rubuta abin da ba zai jawo mini tambaya ba.

Daga wannan ambulan Hamidu ya rubuta maƙalar da ta yi masa suna, inda ya ce an ga irin wannan burtuntuna a wannan yanki na Nijeriya. Ya aiko mini da kwafi. Na karanta da ƙamus a gefe, har na kai ƙasa inda ake godiya. An gode wa ma'aikatan gona na yankin. Ba Bawa. Na tambaye shi a fakaice, ya ce haka tsarin gidan bincikensu yake, ba a sa sunan mai tara samfur. Har yau ban sani ba ko ya yi gardama a kaina ko bai yi ba.

Sai katuna suka fara zuwa masa. Al'adar masu bincike ce, in sun ji labarin maƙala su aiko da kati suna roƙon kwafi. Ya zo da su cike da gwangwanin biskit ya zube mini a tabarma, da kan sarki na ƙasashen da sai a taswira na san su. Ya nuna mini mujallu inda wasu suka rubuta nasu binciken, suka jera sunayen waɗanda suka dogara da su, ga sunansa a ciki. Ya ce wannan shi ne isnadin 'yan boko, wane ya ji daga wane. Murna yake yi tsakani da Allah, yana zaton ina taya shi. Ni kuwa ina duba isnadin, na ga ya tsaya a kansa, bai gangaro kan wanda ya shiga karmami ba.

Kaka uku na riƙe maganar turken. Ina so in ce tsoro ne ya hana ni faɗa, amma littafina ya ƙaryata ni. Daɗi nake ji cewa abin da duniya ke ambato yana tsaye a kan kuskuren da ni kaɗai na sani. Ranar da na faɗa masa ma ba don gyara na faɗa ba. Muna zaune a zaure bayan la'asar, yana ba ni labarin wata gayyata da aka yi masa zuwa taro a ƙetare, sai na ɗauko littafin na buɗe masa shafin. Na so in ga fuskarsa ta faɗi.

Ta faɗi kuwa. Ya karanta sau biyu.

"Bawa, mi ya hana ka gaya min tun tuni?"

Na ce na ji tsoron aikina.

"Kai da ka rubuta atishawa," in ji shi, ba dariya. "Mutane sun kwafi wurin ga cikin littattafansu, da sunana."

Da safe ya sa na kai shi har turken, ya auna, ya rubuta. Bayan wata kaɗan mujallar da ta buga maƙalar ta fitar da gyara, cewa a Dahome gonar take. A ciki Hamidu ya ce shi ne bai tabbatar da wurin da samfurin ya fito ba, kuskuren nasa ne. Na sani a gidan bincikensu an yi masa magana mai zafi, gayyatar nan ma ba a ƙara tayar da ita ba. Da na ce don me bai faɗi wanda ya rubuta ambulan ba, ya ce in sunana ya fita tare da ƙetare iyaka, kakina za a karɓe, ina da iyali. Ya ce shi ya sa hannu a maƙalar, shi ya kamata ya tambaya.

Ya kamata in gode masa. Na gode da baki. A zuci kuwa abin da na ji shi ne, aikin kirki bai kai sunana cikin mujalla ba, yanzu ko kuskurena ya ɗauke ya sa nasa. Masu bincike suka shiga ambaton gyaran tare da maƙalar, ana yaba masa gaskiya. Ban ƙara buɗe masa zuciyata ba, shi kuwa bai fasa sauka a gidana ba. Zuwansa na ƙarshe ya kawo wa mai ɗakina turmin atamfa, ya tambaye ni lafiyar Baba Gado.

Na yi kwanaki ina rubuta wannan ina yagewa, don na san shugabannina za su karanta. Abin da za su yi, su yi. Ba ni da maƙala, ba wanda zai aiko mini da kati. Abu ɗaya ne nawa a cikin aikin Hamidu wanda ba mai ja da ni, kuma ba zan bar shi a kan mamaci ba. Ni Bawa, malamin gona na Bagudo, ni na ƙetare turken, ni na rubuta ambulan, ina sane. Duk wanda ya ambaci gyaran nan, ya san Hamidu bai yi sakaci ba, aminci ya yi da ni.

Allah Ya jiƙan Hamidu, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ilmin da ya bari ya zama mai gudana gare shi muddin ana shuka dawa. Allah Ya ba mai ɗakinsa Habsatu da 'ya'yansa da mahaifiyarsa a Geza haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma da ban nemi gafararsa yana raye ba, ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, Allah Ya wanke mini zuciya kafin tawa ta zo. Amin.