Maƙeri a Gaban Wuƙar Tlingit

A wani shagon kayan tarihi da ke unguwar Al Ras, wani dattijo ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Yana zagaya akwatin gilashi, ya sunkuya, ya miƙe, ya koma ɗaya gefen. Babbar rigarsa ta sha guga, amma bayan hannuwansa duk tabon tartsatsin wuta ne. Ga dukkan alamu a maƙera ya tsufa.

Abin da ke cikin akwatin tsohuwar wuƙa ce ta mutanen Tlingit na Alaska. An sassaƙa kan wata dabba a mariƙinta, amma ba nan idonsa yake ba. Wani siririn doro ne da ya bi tsakiyar ruwan wuƙar ya hana shi sakat. So yake ya shafa shi da babban yatsa, ya ji yadda guduma ta bi da shi.

"Baba, yalla, yi sauri, za a rufe ofishin kago ba mu aika kayanmu ba," in ji ɗansa, yana duba waya.

"Dakata, Muhyiddeen. Ce wa mai shagon ina so in riƙe ta."

Mai shagon ya yarda, sai dai ya miƙo farar safar hannu, domin gumi yana ɓata tsohon ƙarfe. Dattijon ya jujjuya safar, ya zura yatsu biyu, ya zare su. Ya ajiye ta a kan gilashin.

"Maƙeri ɗan'uwana ne ya yi wannan," ya ce. "Ba zan gaisa da shi da safa ba. Mu tafi."