Sunan da Kakar Inna Ta Amsa

Akwai wata ranar Talata a cikin watannin kullen korona da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa zan manta duk sauran abin da na karanta a sakandare.

Lokacin ina da shekara goma sha shida, muna zaune a ƙasar waje, a wani dogon bene a unguwar Cheras. Baba yana digirinsa na uku a wata jami'a da ke kan titin Jalan Semarak, ni kuwa a gida nake karatu tun kafin annobar, Mama ce malamata, sai wata malamar tarihi da nake haɗuwa da ita ta kwamfuta sau ɗaya a mako. Inna, mahaifiyar Baba, ta zo aikin ido da niyyar yin wata guda, sai aka rufe filin jirgi, ta maƙale tare da mu. Baba kaɗai doka ta yarje wa fita cefane. Mu kuwa daga falo sai baranda.

A zangon nan tarihin Rumawa nake yi, kuma an ba ni rubutu a kan bayinsu. Mama tana da wata ƙa'ida: duk abin da ban iya bayyana shi da Hausa ba, to ban gane shi ba. Don haka bayan la'asar na ɗauki takarduna na zauna kusa da Inna, tana tsinke alayyafon da Baba ya sayo.

Na gaya mata cewa bawa a Rum yana iya tara ɗan abin hannunsa har ya fanshi kansa. Ta ce, "To ai mu ma akwai wannan." Ban tsaya tambayarta ba, sauri nake in kai wurin da nake alfahari da shi. Na ce idan an 'yanta bawa, sai ya ɗauki sunan ubangidansa ya zama nasa, har a rubuta a dutsen kabarinsa. Sannan na karanta mata ra'ayina: mutumin da ya samu 'yanci amma ya riƙe sunan wanda ya bautar da shi, jikinsa kawai aka saki, ba shi da zuciya.

Inna ta ajiye tiren a ƙasa. Ta ce, "Sake faɗa, ƙawata." Na sake faɗa, har da ɗaga murya, na ɗauka ba ta ji ba ne.

Ta ce, "Kakata, wadda ta haifi uwata, baiwa ce. An kamo ta tana ƙaramar yarinya, ko haƙorin gaba ba ta gama zubarwa ba. Da kaɗin auduga ta fanshi kanta, tana da 'ya'ya biyu. Kuma har ta mutu da sunan gidan da ta yi bauta ake kiranta."

Baba yana ɗaki, ƙofa a buɗe. Ya fito riƙe da tabarau a hannu. Ya ce, "Inna, don Allah a bar maganar nan." Tun muna yara labarin kakansa na wajen uba, babban malami, kaɗai yake ba mu. Wannan ɓangaren bai taɓa ambata ba.

Ta ce, "Ni ta goya, ba kai ba. Koma ka yi karatunka." Ya tsaya jim, ya koma, amma bai rufe ƙofar ba.

Ta juyo gare ni, ba faɗa a muryarta. "Kin ce ba su da zuciya. To wane suna kike so ta koma wa? Ba ta san sunan ubanta ba. Ba ta san garinsu ba, sai dai ta ce akwai dutse a bayan gidansu. Cikin yarensu kalma ɗaya tak ta rage mata, yadda suke kiran ruwa." Ta faɗi kalmar. Ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ban gano ko wane yare ne ba. Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da aiki.

Na ce ta yi haƙuri, ta ce ba ita na yi wa laifi ba.

Kwana biyu Baba bai yi magana a wurin cin abinci ba, ni kuma ina jin ni na jawo. Na yage shafin ƙarshe na rubutuna, na koma kan hotunan duwatsun kaburburan 'yantattun bayin Rum da ke cikin littafina. Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana tuntuni: da yawansu sun rubuta sana'arsu, mai gasa burodi, maƙeri, ungozoma, sun sa sunayen matansu da 'ya'yansu. Mutane ne da aka raba da asalinsu, suka kafa wani da abin da ya rage musu. Haka na rubuta, na kuma sa labarin kakar Inna a ƙarshe.

Kafin in tura wa malamar, Baba ya ce in ba shi ya gani. Na tabbata zai ce in cire labarin. Ya karanta a tsaye, bai gyara komai ba. Sai ya jawo kujera gaban mahaifiyarsa, ya kunna rikoda a wayarsa, ya ce, "Inna, faro mini daga farko. Yaya kamanninta?" Suka yi ta magana har aka kira magariba.

Da aka buɗe hanya Inna ta koma Kano, shekara ta zagayo Allah Ya yi mata rasuwa. Muryarta da Baba ya ɗauka ran nan ita ce kaɗai muke da ita.

Abin da na koya shi ne, yanke wa mutanen da suka shuɗe hukunci ba wuya, tunda ba za su tashi su kare kansu ba. Yanzu duk wanda na karanta labarinsa, kafin in ce ga abin da ya kamata ya yi, sai na fara tambayar kaina wane zaɓi aka bar masa.