Sunan da Aka Tambaye Ni a Bakin Gadar Jirgi

Kaka ce, ganyen itatuwan Sevran, garin da muke zaune a Faransa, ya yi ja yana zuba a kan hanyar gar, wato tashar jirgin ƙasa. A shekarar ne maigidana ya rasu. Na fita takaba da rani, amma har lokacin abinci ba ya mini ɗanɗano, in an yi mini magana kuma sai in ji ta kamar daga ɗakin maƙwabta. Ina girki, ina wanki, ina amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Ɗiyata ta fari ta sami aiki a wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido, irin masu tashi daga Lyon su bi kogin Rhône. Ta kira ni ta ce jirginsu zai yi yini guda a Lyon, an yarda ma'aikata su shigo da iyayensu kafin ya tashi da maraice. Na ce hanya da nisa. Sai ta ce:

"Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. In ba ki zo ba, ba zan ƙara ba."

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki gaban mutane. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta a Damagaram, sai da ta yi wayo ta iso mu Faransa. Ni "ke" nake ce mata, ko in ce wa ƙannenta "yayarku". Ubanta ne mai kiranta, mai zama su yi hira. Da ya tafi, ba wanda ya rage a gidan da zai kira ta sai ƙanne. Ta girma tana ganin yadda iyayen ƙawayenta suke yi, ban kuma taɓa zaunar da ita na bayyana mata ba.

Na shiga RER, jirgin cikin gari, da sassafe, na kama jirgin ƙasa zuwa Lyon. Kwatancen da ta yi mini na bi, ina haɗa baƙaƙen allunan titi a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

A bakin kogin na tarar da jirage dogaye, an ɗaure su gefe da gefe. Na bakin gaɓa ne kawai yake da gada, wata 'yar siririya ta ƙarfe mai mariƙi dama da hagu, ƙarshenta na kan tudu yana da ƙananan tayoyi. In ruwa ya motsa jirgin, sai ta ɗan gurgura gaba ta dawo. Duk mai zuwa jirgin baya ta nan zai bi, ya ratsa cikin na farko. Ruwa ya ja baya a lokacin, saboda haka gadar ta yi gangare sosai.

Akwai mai gadi a bakinta da rediyo a kafaɗa. Kowane fasinja ya nuna masa kati, ya wuce. Da na yi sallama ya amsa da Hausa, ashe mutumin Garwa ne. Muka gaisa sosai, ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya ce in faɗi sunan wadda na zo wurinta, ya kira ta ta zo ta shiga da ni, don baƙo ba ya hawa shi kaɗai.

Na ce ɗiyata ce, doguwa, baƙa, tana gyaran ɗakuna.

Ya yi dariya. "Hajiya, jirage uku ne nan. Dogayen baƙaƙe masu gyaran ɗaki, in na kira su duka gadar nan karyewa za ta yi."

Na ce ta fari ce. Ya gane nan take, ya ce to in ba shi sunan ubanta, tunda da shi ake kiran mutum a nan. Na dube shi. Ya dafe kai.

"Shi ma ba dama. Hajiya, kin zo da kaya masu nauyi."

Na gwada wayarta, a kashe, ba a barin su da ita lokacin aiki. Sai na koma gefe na zauna kan wani benci. Ina kallon tsofaffin Turawa suna gangarawa a karkace, wani ma'aikaci a ƙasa yana miƙa wa kowa hannu. Aka shigar da akwatuna, aka shigar da kwalayen kayan lambu. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba. Na san dai in aka janye gadar nan ina kan benci, ba za ta ƙara roƙona ba, tunda ta faɗa.

La'asar ta yi sanyi, mai gadin ya zo ya ce an kusa sallamar baƙi. Na tashi na bi shi, na faɗi sunan ɗiyata. Injin wani jirgi na ƙara, bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Na zaci wani abu zai motsa a ƙirjina, amma sai na ji shi kamar sunan tashar da ban taɓa sauka ba.

Ta fito cikin kayan aiki, ta hau gadar da sauri ba ta ko riƙe ƙarfen ba. Mai gadin ya ce mata, "Da bakinta ta faɗa, har sau biyu. Ni ne shaida." Ta dube ni, na dubi takalmina. Ta juya ta sauka taki ɗaya, ta miƙo hannu yadda ake miƙa wa kowane fasinja. Gadar ta gurgura ƙarƙashina, na kama. Tafinta ya yi kaushi saboda sabulun aiki. Ban san haka hannunta yake ba.

Lokaci ya ƙure, ba mu ga abu da yawa ba. Ta nuna mini ɗan ɗakin da take kwana, tagarsa dab da ruwa, na yi salla a tsakanin gado da ƙofa. Na ba ta kilishin da na zo da shi, na ce ta riƙa shafa mai a hannu. Ta ce to. Ta rako ni har tudu, ba ta saki hannuna ba sai da na taka ƙasa. Ina tsaye aka ɗaga gadar aka naɗe ta a jikin jirgin.

A Villeurbanne, kusa da Lyon, na kwana, ɗakin wata ɗalibar garinmu. Da safe na ninke bargon da ta ba ni, na tambaye ta inda kantin magani yake. Na sayi man hannu na sa a jaka, na tafi gar.