Sa'a Gudan da Na Ce Yayana Bai Yi Ba

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni dattijo ne a 'yar ikilisiyarmu da ke wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum, ko da yake furfura ba ta fito mini ba tukuna. Mu Kirista gidaje kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, tare muke noma, tare muke cin kasuwa. Fasto guda ke zagaya ƙauyukanmu a kan babur, yakan yi watanni bai leƙo ba saboda lalacewar hanya da rashin tsaro. Idan ba ya nan ni ke wa'azi, ni ke riƙe makullin majami'a. Ba na shan giya, ba na fashin sujada, kuma ina sane da hakan fiye da kima.

Abin taƙamata shi ne lissafin lokaci na cikin bishara. A wani kwas na masu wa'azi aka koya mana cewa mutanen wancan zamani daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ba daga tsakar dare kamar agogonmu ba. Wato sa'a ta uku hantsi ce, ta shida rana tsaka, ta tara bayan azahar, ta goma sha ɗaya kuwa la'asar sakaliya, lokacin da manomi ke kakkaɓe fartanya. Tun da na dawo da wannan ilimi jama'a ba su huta ba. Ko wa'azin ɗaurin aure nake sai na cusa shi, har matata kan ce tsoro take ji in tambaye ta ƙarfe nawa.

Ina da yaya namiji, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya bar sujada, daga baya ya bi ayarin masu haƙar zinare zuwa wajen Anka, ya bar mini matarsa da 'ya'yansa. Sai dai mu ji labari, yau yana wannan rami, gobe yana wancan injin niƙa dutse, abin da ya samu ya ƙare a shaye-shaye. Ranar da muka binne mahaifinmu an aika masa, bai zo ba. Wannan ban taɓa yafe masa ba, ko da yake da an tambaye ni a lokacin zan rantse na yafe.

Da wata damina wani maƙwabcinmu Musulmi ya ɗauko shi a babur, an ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya faɗi. Ƙurar dutse ta cinye masa ƙirji, ya rame har Inna, mahaifiyarmu, sai da ta ji muryarsa ta gane shi. Asibitin Gummi suka ba shi magani suka ce a koma gida a kula da shi. A ɗakin Inna ya kwanta. Bayan 'yan makonni ya sa aka kira ni, ya ce ya tuba, yana so a mai da shi cikin ikilisiya, a ba shi jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke ci tare a sujada, kafin ya tafi. Yana magana yana tari, yana riƙe da bakin rigata.

A al'adarmu, wanda ya bauɗe ya dawo yakan zauna a bencin baya na wani lokaci a ƙarƙashin horo, sa'an nan ya tsaya gaban jama'a ya furta tubansa. Amma fasto na da ikon ɗage wa marar lafiya wannan. Da faston ya zo, ya ja ni gindin darbejiya ya ce ni na fi kowa sanin yayana, ya tambayi shawarata. Shi da kansa ya kawo misalin nan na mai gonar da ya yi ta ɗibar ma'aikata tun sassafe har sa'a ta goma sha ɗaya, da yamma ya biya kowa daidai wa daida, na farko suka yi ta gunaguni. Ya ce alherin Allah ke nan, ba a auna shi da gumi.

Nan fa ya taɓo fagena. Na ce a lissafa da kyau, daga sa'a ta goma sha ɗaya zuwa faɗuwar rana akwai sauran sa'a guda, kuma waɗancan mutane sun sunkuya sun yi aikinta. Yayana kuwa ya zo bayan an tashi, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Na ce a bari ya ji sauƙi ya tako majami'a da ƙafarsa, ko Lahadi ɗaya ya zauna a bencin baya, idan fasto ya sake zagayowa a karɓe shi. Faston yaro ne a kaina, sabon zuwa, ba ya son saɓani da dattawa. Ya shiga ya yi masa addu'a, ya ɗaure jakarsa a babur ya tafi. Ni kuwa har daɗi na ji wai na kare tsarkin ikilisiya.

Da na gaya wa Inna yadda muka yi, ba ta ɗaga murya ba. Ba ta iya karatu ba, amma ta sha jin misalin daga bakina. Ta tambaye ni kawai ko ni ne mai gonar. Na fara yi mata bayanin sa'o'i, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki.

Yayana bai kai girbin gero ba. Matarsa ce ta gaya mini daga baya cewa a kwanakinsa na ƙarshe, duk ƙarar babur da ya ji sai ya yunƙura ya tambaya ko fasto ne. Ko a nan ban karaya ba, na gaya wa kaina nufin Allah ne.

Sai ranar Jumma'ar da muke tuna mutuwar Ubangiji. Na tsaya gaban jama'a ina ta ƙwarewata, ina nuna musu duhun da ya rufe ƙasa daga sa'a ta shida zuwa ta tara. Idona ya koma 'yan layukan da ke sama, kan ɓarawon da aka gicciye kusa da shi, wanda ya roƙi a tuna da shi aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan. Na karanta wurin sau ba adadi, amma ran nan ne na ga hannuwansa. A kafe suke. Ba sa'a guda ba, ko ciyawa ɗaya ba zai iya tugewa ba, kuma ba a ce ya jira wani zagaye ba. Na bar wa'azin a nan, na sauka na zauna, wata dattijuwa ta ɗauko waƙa don ta rufa mini asiri.

Na yi imani ceton yayana bai rataya ga gurasar da na hana shi ba, Ubangijin da ya roƙa ya ji shi. Amma na hana shi kwanciyar rai a lokacin da ba abin da yake bukata sai ita, na kuma yi hakan da Littafi a hannuna. Gaskiyar magana, ba lissafi ne ya yi magana a gindin darbejiyar nan ba, haushin kabarin mahaifinmu ne, na dai sa masa rigar ilimi. Har yau ina koyar da sa'o'in, daidai suke, ba su da laifi.

Ina roƙon duk wanda aka ba riƙon wata ƙofa, dattijo ne ko malami ko babba a gida, idan ya ga fassararsa ta faɗa daidai kan wanda yake jin haushi, ya tsaya ya binciki zuciyarsa kafin ya buɗe baki. Kada kuma ya ce wa marar lafiya sai wani zuwan. Inna ta yafe mini kafin ta rasu, faston ma ya ce laifin namu ne mu biyu. Mutum ɗaya ne ban samu na roƙa ba, shi ne wanda ya mutu yana sauraron hanya.